Ƙaguwoyin Mataccen Ruwa

Iskar arewa ta kama mu a ƙarshen watan Yuli, ta yi ta busawa har muka manta ranar da ta fara. Jiragen ƙaguwa duk suna ɗaure a tashar Astoria, masu su na zaune a shagon kofi suna zagin gwamnati da junansu. Tarkunanmu kuwa suna can ƙasan teku, ba wanda ya leƙa su.

Ni da yayana Arvo mun tsufa a jirgi ɗaya, Sylvi, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu. Shi ke riƙe sitiyari, ni ke baya da igiya da tarko. Mutumin da ke cika mu uku ya tafi Alaska kamun kifi tun farkon bazara, shi ya sa da Raina ta bugo waya tana neman a fita da ita, na amsa mata kafin in tambayi ubanta.

Raina 'yar Arvo ce tilo. A wannan jirgin ta koyi tafiya, amma ta yi karatu ta zama mai binciken jinin ƙaguwa a wani ɗakin gwaji da ke kudu da mu. Bara aka yi taro a gari, aka karanta sakamakon aikinsu, wasu suka kawo shawarar a rage kwanakin kamun bazara. Ba ita ta kawo shawarar ba, amma sunan gidanmu, Niemela, yana jikin takardar. Tun daga ranar Arvo ya daina zama a shagon kofi, ita kuma ta daina zuwa gida.

Ran da iska ta kwanta, ta iso da sassafe da kula biyu da akwatin allurai. Orrin, mai jirgin da ke ɗaure kusa da namu, ya leƙo ta taga.

"A'a, likitar ƙaguwa ce da kanta. Arvo, ka ce ta duba ka kai ma, ko za ta gano abin da ke sa ka tafiya a karkace."

"Sai na gama da masu hankali tukuna, Kawu Orrin," in ji Raina. Ta juya wajen ubanta. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Ɗaure kayanki da kyau, ba ofis ba ne nan."

Iyakar gaisuwarsu ke nan. Na yanka musu burodin da na gasa, na zuba kofi, kowa ya ci nasa yana kallon wani gefen.

Mun fita bakin kogi lafiya lau. Teku ta kwanta, sai dai wani irin sanyi da ke tasowa daga ruwan, wanda bai dace da lokacin ba. Raina ta sa hannu ta taɓa, ta dube ni.

"Ruwan ƙasa ne ya hau, Gwaggo Helmi. Iskar nan ta kore na sama, na can zurfi ya maye gurbinsa. Shi kuma ba iskar shaƙa a cikinsa."

"Ruwa dai ruwa ne," in ji Arvo daga ɗakin tuƙi.

Tarkon farko bai gama fitowa ba wari ya riga shi. Na buɗe murfin, na ga ƙaguwoyi jibge a kan juna, ƙafafu a sake, wasu har sun yi baƙi. Na juye su a ruwa. Na biyu haka, na uku haka. Na sha ganin matacciyar ƙaguwa, amma ban taɓa ganin tarko cike maƙil babu mai motsi ba. Tsuntsayen da ke bin mu kullum ma sun ja baya. Arvo yana dai matsar da jirgi daga wannan ƙwallon shaida zuwa wancan, masu yawo a kan ruwa suna nuna inda tarko yake.

Can cikin layin tarkuna na biyu, ina shirin juye wani tarko, Raina ta riƙe hannuna.

"Dakata. Waccan tana motsa baki."

Ta ciro ta daga ƙarƙashin gawarwakin. Namiji ne babba, a galabaice, ko yunƙurin cizo bai yi ba. Ta kifar da shi, ta soka allura a gindin ƙafarsa ta baya, ta zuƙo jini. Fari ne fat kamar ruwan famfo. Ta zuba a 'yar kwalba, ta girgiza, ta ɗaga mini. Ina kallo ya soma rinewa, har ya zama shuɗi mai haske.

"Kin gani? Babu ko ɗigon iska a jikinsa, amma yana raye. Yanzu da jinin ya sha iska, ga launinsa ya dawo."

"To me ya sa nasu shuɗi ne? Na fasa dubbai, ban taɓa tambaya ba."

"Mu baƙin ƙarfe ne a jininmu yake kama iska, shi ya sa yake ja. Su kuwa jan ƙarfe ne. Ƙwaya biyu ke haɗuwa su riƙe iska a tsakaninsu, da sun riƙe sai ya yi shuɗi."

"Baƙi ya ba da ja, ja ya ba da shuɗi. Wa ya tsara wannan rikicin?"

Ta yi dariya, karo na farko tun safe. "Ba su kaɗai ba ne. Kunama da gizo-gizo ma haka, dodon koɗi ma haka, ko da yake ginin nasa daban ne. Tun kafin a yi wani mai ƙashin baya a doron ƙasa suke yawo da shi." Ta manna wa ƙaguwar lamba a baya. "Abin da nake so in sani, me ya sa wannan ya rayu 'yan'uwansa suka mutu. Ko nasa jinin ya fi riƙe iska tun haihuwa, ko kuwa wahala ce ta sa ya sauya. Ba zan sani ba sai na ajiye shi da rai makonni, ina ɗiba ina gwadawa."

Ta jefa shi cikin tankin da ke tsakiyar jirgi, inda famfo ke zuba sabon ruwa ba tsayawa. Daga nan muka shiga tona kowane tarko da hannu. A wani mu sami ɗaya, a wani biyu, a da yawa babu. Kafin rana ta take, ta tara waɗanda ba su kai ɗari ba, kowace da lambarta.

A lokacin ne Arvo ya fito daga ɗakin tuƙi, ya tsaya yana duban tarkunan da na jera.

"Ba wanda zai koma ruwan nan. Gaba ɗaya za mu kwashe su gida. Rediyo ta ce gobe iska za ta dawo, ga lokacin rufe kamu ya matso. In ta sake kulle mu, yashi zai binne su."

"Duka?" na ce. "Yaya, sawu biyu ne wannan."

"Babu sawu na biyu. A zubar da ruwan tanki, a yi lodi."

Raina ta miƙe. "Ba za a zubar ba."

"Ki zuba su a baho."

"Na gwada baho bara a wani jirgin. Ruwan ya ɗumame, ko ɗaya ba ta kai gaɓa ba. Waɗannan da ƙyar suke numfashi, Baba. In babu ruwa mai gudu, sun mutu."

"Tarkunan nan su suka biya miki makarantar da kika koyo wannan maganar."

"Na sani. Kuma in ba a gane abin da ke kashe ƙaguwa ba, me za ka kama da su baɗi?"

"Au, taron bara za ki maimaita mini a cikin jirgina?"

Suka tsaya suna kallon juna, haɓa ɗaya, taurin kai ɗaya. Duk wanda ya san Sylvi ya san abu ɗaya take ɗauka, ko cikakken tanki ko dogon lodi. Na faɗa musu haka. Ba wanda ya dube ni.

"Shi ke nan," in ji Arvo. "A bar mata tankinta. Helmi, ci gaba da lodi."

"Yaya, ba za ta ɗauka ba."

"Teku a kwance take. Za ta ɗauka."

Raina ta sami abin da take so, shi ma ya sami nasa. Muka yi ta ɗora tarko a kan tarko, kowanne da igiyarsa da ƙwallonsa a naɗe a ciki, kowanne nauyinsa ya kusa na mutum. Lodin ya wuce kaina, ya wuce rufin ɗakin tuƙi. Da muka ɗaure na ƙarshe, na leƙa gefe na ga ruwa ya kusa taɓa ramukan da ke zubar da ruwan dandamali.

Aikin ya cinye mana lokaci fiye da yadda Arvo ya lissafa. Kafin mu hango fitilar bakin kogi, ruwan teku ya soma janyewa daga gaɓa, kamar yadda yake yi kullum. A nan kogi ke turo nasa waje, teku na turo nata ciki, su haɗu a kan tudun yashi. Ga kuma wasu dogayen raƙuman ruwa da suka fara isowa daga yamma, masu zuwa gabanin iska. Jami'an gaɓa suka sanar a rediyo cewa an hana ƙananan jirage shiga sai ruwa ya juyo.

"Za mu jira a waje," in ji Arvo. Ya juya hancin jirgi yana fuskantar raƙuman.

A tafin ƙafata na fara jin abin. Sylvi takan kwanta gefe ta miƙe da sauri, kamar mai jin haushi. Yanzu sai ta kwanta ta yi jim, kamar tana shawara, sannan ta taso a hankali. Na kasa kunne. Akwai ƙarar da ta ɓace. Na duba ramin da rarar ruwan tanki ke fita, na gan shi a bushe.

Na ɗaga murfin tanki. Ruwan ya sauka ya kai tsawon hannu, yana zurarewa ta bututun da ya shigo. Wanda ya rage yana gudu daga wannan bango zuwa wancan, duk inda jirgi ya karkata sai ya bi shi da dukan nauyinsa.

"Yaya, famfo ya tsaya. Tanki ya yi rabi."

Bai waiwayo ba. Wani raƙumi ya ɗaga mu, jirgi ya kwanta hagu, ruwa ya hau dandamali har gwiwata. Lodin ya yi ƙara, igiyoyin suka miƙe. Na riƙe ƙarfe ina jira ta taso. Ta daɗe kafin ta taso.

Raina ta rarrafa zuwa ƙofar ɗakin tuƙi, fuskarta ba jini.

"Baba, zubar da ruwan. Na yarda. A bar su su mutu."

"Da wane famfon? Shi ke cikawa, shi ke kwashewa." Muryarsa a kwance take, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Helmi, yanke na sama. Ku tura su ruwa."

"Ba lokacin warware igiya. In sun tafi sun tafi ke nan."

"Na sani. Yanke."

Na zaro wuƙa na hau gefen lodin. Raina ta hau ɗaya gefen ba tare da an ce mata ba. Dabarar ita ce a jira jirgi ya karkata, a yanke, a tura, nauyin ya tafi da kansa. Na farko ya faɗa, na biyu ya bi shi. Sunan Niemela na jikin kowane ƙwallo, ina ganinsa ta cikin ragar ƙarfen suna nutsewa. Wasu mahaifinmu ne ya ƙera su da hannunsa.

"Riƙe da hannu ɗaya, tura da ɗaya," na ce wa Raina. "Kada ki sa ƙafa cikin igiya."

"A nan na girma, Gwaggo."

Mun kwashe layin sama, mun shiga na biyu, sai wani raƙumi ya zo ta gefen da ba mu zata ba. Jirgi ya koma dama alhali na riga na yanke. Tarkon da nake turawa ya dawo, ya matse hannuna na hagu a jikin na ƙasa. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ban ji zafi nan take ba. Na dai ga safar hannuna ta lanƙwashe ta inda bai kamata ba.

Raina ta sa kafaɗa ta ɗaga tarkon, na zare hannun, ta ture shi ruwa.

"Sauka, Gwaggo. Zan ƙarasa."

"Ba za ki iya ke kaɗai ba."

"Sauka mana."

Na sauko na shiga ɗakin tuƙi. Arvo ya dubi hannun, ya dubi 'yarsa a saman lodi ta taga.

"Za ki iya riƙe sitiyari da ɗaya?"

"Ba ni."

"Hanci a kan raƙumi. Ko me ya faru kada ki ba su gefe."

Ya ɗaga murfin ɗakin inji ya sauka. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san na sani. In jirgi ya kife mutum yana can ƙasa, ba ya fitowa.

Na sa ƙirji da hannun dama na riƙe. Zafin ya iso a lokacin, yana harbawa har kunne. Ta madubi ina ganin Raina tana jira, tana yankewa, tana turawa, gashinta a manne da fuska. Gabana kuma raƙuma na zuwa ɗaya bayan ɗaya. Can na hango wani da ya fi saura, kansa ya fara yin fari. Na buga ƙafa a kan murfin ɗakin inji don Arvo ya riƙe wani abu, na leƙa ta ƙofa.

"Raina, kwanta ki riƙe!"

Na ƙara wuta. Sylvi ta hau, ta hau, har na daina ganin komai sai sama. Ta faɗo ta ɗaya gefen, ruwan tanki ya daki bango, ta kwanta hagu. Kofuna da taswira suka zubo a kaina. Na ji bakina yana kiran sunan mahaifiyarmu, ban san ko jirgin nake kira ko ita ba. Sai ta taso. Wannan karon ba ta yi dogon jim ba, lodin ya ragu.

Na duba madubi. Raina na nan, kwance a kan raga, hannu biyu a cikin ƙarfe. Ta ɗaga kai, ta miƙe, ta ci gaba da yanka.

Ba da jimawa ba na ji tari daga ƙasa, sannan ƙarar da ta ɓace ta dawo. Arvo ya fito jiƙe sharkaf, goshinsa a fashe, da dunƙulen ciyawar teku a hannu wadda ta toshe bakin famfon. Ya jefar da ita, ya karɓi sitiyari. Muka zuba wa ramin rarar ruwa ido, mu biyu, har ya fara tofarwa.

"Ya isa," ya ce wa Raina ta lasifika. "Sauko haka nan."

Fiye da rabin tarkunan sun tafi. Ta shigo tana rawar sanyi, tafin hannunta duk a yanke. Ta naɗe mini yatsu da katako da tsumma. Arvo ya cire rigarsa ta ulu da hannu ɗaya, ya miƙa mata ta baya ba tare da ya juyo ba, ta karɓa ta sa.

Da la'asar ruwa ya juyo, aka buɗe hanya, muka shiga. Orrin na tsaye a kan gada yana jiran igiyarmu. Ya dubi guntun lodin, ya dubi hannuna, bai yi tsokana ba.

"Helmi, zo in kai ki asibiti."

"Bari in ga tankin tukuna."

Raina ta shiga tankin da dogon takalmi tana miƙo su ɗaya-ɗaya. Zaman da suka yi ba sabon ruwa, ga bugun bango, ya kashe mafi yawa. Tana taɓa bakin kowace, ta ajiye ta dama ko hagu. Na dama, masu rai, ba su cika kwando biyu ba.

"Za su isa?" in ji Arvo.

"Ban sani ba. Da ƙyar."

"Motarki na da tanki?"

"Akwai, da kwalbar iska. Amma tafiyar da nisa."

Ya dubi hannuwanta. "Da waɗannan za ki riƙe sitiyari? Kawo makullin."

Ina cikin motar Orrin na ga sun fita daga tasha, shi yana tuƙi, ita ta juya baya tana lura da tankin.

Yatsu biyu na karye, ɗaya bai sake lanƙwasuwa ba har yau. Iska ta dawo washegari kamar yadda aka ce. Da ta lafa, Arvo da Orrin suka yi ta jan ƙugiya a inda muka zubar, suka samo kaɗan, sauran yashi ya riƙe. Lokacin sanyi muka fita da abin da ya rage da wasu na aro.

Ƙaguwoyin Raina sun rayu a ɗakin gwaji. Ta ce da farko jininsu ya fi na sauran riƙe iska, amma bayan makonni a ruwa mai kyau sai ya koma kamar na kowa. Ga alama ba gado ba ne, jikinsu ne ya sauya ginin jinin lokacin da wahala ta zo a hankali. Sai dai sun yi kaɗan, ba za ta iya rantsuwa a kai ba. Tana bukatar wasu.

A teburin cin abinci na gidana ta faɗi haka, ranar bikin godiya da ake yi a ƙasarmu cikin Nuwamba, tana kallon farantinta. Arvo ya gama tauna abin da ke bakinsa.

"In za ki sake fita, jirgi ba lodi za a je. Kuma ni zan ce a juya."

"In ka ce a juya a kan lokaci."

"Ji mini yarinya. Wa ya hana a zubar da tanki?"

"Wa ya ce za ta ɗauka?"

"Ku biyun ne," na ce. "Ku miƙo mini dankali, hannuna ba ya kaiwa."